Wanda Zai Ɗauki Sunan Sarkin Mahara

Kwanakin baya wani matashi da aka turo koyon aikin koyarwa ya zo gaishe ni a ƙofar gida. Na tambaye shi wane wasan kwaikwayo na tarihi zai koyar bana. Ya zaro waya ya shafa ta, ya ce ai tun a mota ya gama zaɓe. Na ce da me ka auna? Ya ce wanda ya fi ƙarancin shafuka. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ku yaran yanzu haka kuka ɗauki abin: hukumar jarrabawa ta jero littattafai, malami ya rufe ido ya nuna ɗaya, ya rubuta sunayen 'yan wasa a allo, a haddace, a tashi. To ni rayuwata ta aiki a kan wannan zaɓen ta ƙare, daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa zuwa ƙasar Faskari, kuma ban taɓa yin sa a cikin mota ba.

A Ƙanƙara na koyi aikin, a hannun Malam Isiyaku, Allah ya gafarta masa. Gajeren mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Da na zo bai bar ni na taka aji ba, wani akwatin ƙarfe ya turo mini da ƙafa ya ce in fitar da abin da ke ciki in shanya. Rawuna ne da aka yanka daga tsofaffin labulaye, da takubban katako, da garkuwoyin faifai, da ƙullin auduga da ƙaro na liƙa gemu, da wani ƙaho da ya tsage. Littafin kuwa kwafi ɗaya ne tak a makarantar. Sai a buga shi a tafireta, a gurza a injin nan mai hannu, ni ne mai juyawa, tawada har gwiwar hannu. Saboda haka in ka zaɓi wasa ka zaɓe shi ke nan, babu takardar da za a sake ɓatawa don ka canza ra'ayi a tsakiyar zango.

Malam ba ya karanta wasa a zaune. In an tashi daga makaranta yakan ɗauki littafin ya zagaya bayan azuzuwa yana karantawa da ƙarfi, ya yi muryar sarki, ya yi ta tsohuwa, awakin unguwa suna kallonsa. Duk inda harshensa ya yi tuntuɓe sai ya naɗe kunnen shafin. In naɗin ya yi yawa littafin ya koma kabad, ko wane ne ya rubuta shi. Daga nan ya dubi yawan mutanen wasan ya dubi yawan ajin, domin wasa mai mutum biyar a aji cike da yara barci kawai yake haifarwa. Ya duba ko akwai abin da 'yan mata za su faɗa ban da kawo ruwa su durƙusa. Ya duba lokaci kuma, don wasa mai yawan mayaƙa ba a sa shi a zangon damina, mayaƙan duk suna gonakin iyayensu.

Na ɗauka iyakar ilimin ke nan. Sai wata ranar kasuwa ya ce in raka shi sayen gero. Muka tsaya a rumfar wani magidanci mai fara'a, mudunsa cike har yana zuba. Muna cikin gaisawa wani mai amalanke ya gifta ya ce, "Maci-amana, an hito?" Mutumin ya amsa, ko a jikinsa. Wasu baƙi biyu da suka tsuguna suna taɓa geron suka dubi juna, suka karkaɗe hannu, suka matsa rumfar gaba.

A hanyar komawa Malam ya ce, "Ka ji mi aka kira shi?"

Na ce na ji.

"Sunanshi na yanka Garba. Tun kahin in zo makarantar ga aka yi wani wasa, aka ba shi wanda ya nuna ma abokan gaba hanya. Yini guda ya yi shina cin amana, da takobin katako. Da ya tahi neman aure sai da kawun yarinyar ya aiko a bincika amanar wa ya ci." Ya tsaya ya gyara buhun a bayan kekensa. "Garuruwan nan namu, yaro ba ya tuɓe wasa tare da rawani. In za ka zaɓi littahi, fara diba sunayen da za ya bari cikin gari."

Wannan ba ya cikin abin da aka koya muku a kwaleji. Mu mutane ne masu son laƙabi. Mutum ya yi abu sau ɗaya a gaban jama'a, an liƙa masa shi har jikoki su tashi ba su san sunansa na gaskiya ba. Wasan tarihi kuwa shi ya fi kowane barin suna, domin mutanensa sarakuna ne da mayaƙa da masu cin amana, sunaye masu daɗin kira daga nesa. Tun daga ranar, duk littafin da na ɗauka sai na fara da shafin da aka jera 'yan wasa, ina karantawa ina ganin fuskokin yaran ajina.

A Sabuwa na gane abin yana da amfaninsa. Akwai wata yarinya mai kunya, in ka tambaye ta sunanta sai ta amsa wa tebur. Na ba ta Magajiya, wadda a cikin wasan ta tara matan gari suka yi ta jidar ƙasa ana gyaran ganuwa. Da farko sai da na tsaya a bayan aji ina cewa ban ji ba, ban ji ba, har ta fusata ta ɗaga murya. Yau ma'aikaciyar jinya ce, kowa Magajiya yake ce mata har mijinta, kuma in ta yi magana a ɗakin haihuwa ana jin ta daga bakin titi. Wani mai i'ina na ba shi mai shela, ya yi ta ƙwala kira a bayan makaranta har harshensa ya saki rabi. Mugayen wasa kuwa na koyi inda ake ajiye su. Ana ba yaron da kowa ke so, mai dangi, wanda in an kira shi da sunan dariya za a yi. Ba a ba maraya, ba a ba baƙo, ba a ba wanda dama ake tsokana.

Masu sayen kayanmu ba yara kaɗai ba ne, gari ne duka. A Sabuwar dai na taɓa ɗaukar wani wasa na zuwan Turawa, akwai wani hakimi a ciki da ya gudu ya bar takalmansa. Yara suka so wurin nan, kullum sai sun roƙa a maimaita. Wata safiya jikan wata Hajiya ya sauke ta daga babur a ƙofar ajina, tsohuwa tukuf, da sandarta. Ta ce, "Kai ne malamin da ke sa ɗiyan mutane suna ma kakana dariya?" Wasan bai kama sunan kowa ba, amma ita ba ta da shakka. Ban yi gardama da ita ba, ina ni ina gardama da mai sanda. Na ba ta kujerata na ce ta faɗa wa yara yadda aka ba da labarin a gidansu. A nata labarin hakimin mata da yara ya fitar ta bayan gari, takalman ma wani ya ba wa. Yara suka rabu biyu suna musu, kuma a zangon nan suka rubuta mini insha'in da ban taɓa samun irinsa ba. Daga nan na ƙara wa kaina aiki: kafin in tsayar da littafi sai na zagaya zaurukan dattawa na sha fura, na ji ko kakan wani na ciki.

Shekarar da ta fi kowace wuya ta same ni a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Faskari, a wani gari da ba shi da nisa da Sheme. Shekarar nan ce da aka rufe kasuwanni aka katse layin waya saboda 'yan bindiga. An rufe makarantar, an sake buɗewa, muka dawo muka tarar mutanen ƙauyukan da aka tasa sun cika wasu azuzuwan, mata na girki a bayan ɗakin kimiyya. 'Yan ajin ƙarshe sun ragu sosai. Wasu an kai su Funtuwa wurin dangi, wasu ba mu san inda suke ba.

Wasannin tarihi biyu ne a jerin hukumar jarrabawa, ɗaya za a ɗauka. Na farko rigimar gadon sarauta ce a wani birni mai nisa, fadawa suna ta dogayen jawabai. Na biyu labarin wani garin manoma ne mai ganuwa, a zamanin kakannin kakanni, wanda mahara suka matsa wa. Firinsifal ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ɗauki na fadawan nan mana. Yara na kwana da tsoro, ka kuma kawo masu shi cikin aji?" Maganarsa da hujja, ban raina ta ba. Na zagaya bayan azuzuwa na karanta duka biyun da ƙarfi, 'yan gudun hijira na leƙe suna zaton malamin ya taɓu. Sannan na gwada fitowar farko ta kowanne a kan yaran. A na fadawa har wani ya ɗora kai a benci. A na biyun, wurin da matan gari ke tsaye a bakin ƙofa da yamma suna duba wa ya dawo daga gona wa bai dawo ba, ajin ya yi tsit. Wata yarinya daga cikin waɗanda aka taso ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wanda ya rubuta wanga ɗan ƙauyenmu ne?"

Na ce a'a, labarin tun kafin zuwan Turawa ne.

Ta ce, "To ƙaƙa suka ƙare?"

Na ce garin bai mutu ba, fitowar ƙarshe ma shuka ake yi. Ta sauke hannu a hankali. A nan na yanke shawara. Yaran nan gani suke abin a kansu ya fara kuma a kansu zai ƙare, ga littafi yana cewa an yi a da, an kuma koma gona. Ban ga dalilin da zai sa in ɓoye musu shi ba.

Sai dai a cikin wasan akwai Sarkin Mahara. A ajin kuma akwai Sambo, ɗan Fulani ɗaya tilo da ya rage mana. Dogo ne, ba ya magana sai ta kama, kuma ya fi kowa iya insha'i. 'Yan bindiga sun kore shanun mahaifinsa kaf, suka bar rugarsu suka dawo gefen gari suka kafa bukka. Na san akwai haɗari, na kuma riga na ƙudura ba shi zan ba ba. Amma alli ya riga ni. Ina rubuta jerin 'yan wasa a allo, da na kai kan Sarkin Mahara, na juyo na ga kawuna sun karkata wajen bencinsa. Kafin a dawo daga hutun ƙarfe tara wani ya ƙwala sunan daga wancan gefen fili, aka yi dariya.

Ba a daɗe ba mahaifinsa ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a gindin darbejiya da sandarsa a kafaɗa ya aika a kira ni. Muka gaisa, ya ce, "Malam, na zo in tahi da yarona."

Na ce jarrabawar ƙarshe fa ta kusa, shekarunsa duka na makaranta a kanta suka rataya.

Ya ce, "Na sani. Jiya bakin rijiya an kira shi da wani suna. Shanuna sun tahi, na bar ma Allah. Amma wanga suna in ya kai kunnen 'yan sa-kai na wani gari, ba su tambayar ko na wasa ne."

'Yan sa-kai su ne samarin garuruwa da suka ɗauki bindigogin gargajiya suna tsaron mutanensu. A cikinsu akwai masu hankali, akwai kuma waɗanda baƙin ciki ya rufe wa ido, kuma a shekarar nan ɗan Fulani ba ya buƙatar laifi kafin a sauke shi daga mota. Gaskiya mahaifin Sambo ya faɗa. Na roƙe shi ya ba ni 'yan kwanaki. Ya gyaɗa kai.

Firinsifal ya ce to yanzu sai a ajiye wasan kowa ya huta. Na ce ranka ya daɗe, lokacin ajiyewa ya wuce. Sunan ya riga ya fita daga littafi. In muka fasa, babu wanda gari zai gani sanye da kayan Sarkin Mahara, sunan zai zauna a kan wanda aka fara jefa wa. Abin da ya rage shi ne a samo masa mai shi, a gaban kowa, da rana tsaka.

Akwai wata riga a garin, rigar yaƙi ta saƙi mai layu jere har ƙasa, ta kakan Baba Tanko. Baba Tanko tsohon maharbi ne, kuma shi 'yan sa-kai na garin ke jin maganarsa. Rigar tana da ƙa'ida da kowa ya sani: ana ba da aronta, amma ba mai sa ta sai jinin gidan. Na taɓa aron ta a shekarun zaman lafiya, babban ɗansa ya sa ya fito a jarumin wani wasa. A wannan shekarar autansa, Lawal, yana ajina, ƙato mai son a kalle shi, abokin kowa, maƙiyin aikin gida.

Na sami Baba Tanko a zaure bayan la'asar yana gyaran wata tsohuwar bindiga. Na gaishe shi, na ce aron riga na zo.

Ya ce, "Wane jarumi ne bana?"

Na ce, "Baba, ba jarumi ba ne. Sarkin Mahara ne."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ƙanensa 'yan bindiga suka kashe a gona damina ɗaya kafin nan, ni ma na je jana'izar. Ya ce, "Malam, ka san ƙa'idar rigar ga. Kana so ɗana ya ɗauki sunan waɗanda suka kashe mani ƙane, cikin rigar kakana?"

Na ce, "Sunan ya riga ya fito, Baba, yawo yake yana neman kai. In ya sauka kan Lawal, ba wanda bai san ɗan wane ne ba, dariya za a yi. In ya sauka kan yaron nan na bukkar bakin gari, ka fi ni sanin abin da za a yi."

Ya ɗauki tsumma ya ci gaba da goge ƙarfen, har na fara tunanin yadda zan yi sallama. Can ya ce, "Uban yaron na san shi. Shekara da shekaru shanunshi na kwana gonata bayan girbi, ban taɓa sayen taki ba." Ya ɗago kai ya dube ni. "Shi Sarkin Maharan, mi ke samun shi a ƙarshe? Ana kashe shi?"

Na ce ba a kashe shi. Yana komawa garinsu da ganima ya tarar wasu sun kai hari bayansa, ba gida, ba uwa, ba wanda zai nuna wa abin da ya kwaso.

Ya ce, "Wanda ya rubuta wanga ya san duniya." Ya ɗaga murya ya kira Lawal daga cikin gida. Da ya zo ya durƙusa, ya ce masa, "Malaminku na son ka zama ɓarawo. Ni ban tilasta ka. In ka ɗauka, da shi za a kira ka har ka yi furfura."

Lawal ya dube ni ya ce, "Malam, ba shi ne mai shigowa da ihu kowa ya watse ba?"

Na ce shi ne, kuma jawabinsa ya fi na kowa tsawo, sai an haddace.

Ya ɗan ɓata fuska da jin hadda, sannan ya ce, "Da dai a ba Sambo, gara ni. Shi ko tsawa bai iya ba." Ya faɗe ta kamar wasa, amma bai kalli ubansa ba, ni ma ban kalle shi ba. A ranar na koma gida da rigar naɗe a cikin buhu, nauyinta kamar na ɗan akuya.

Sambo na ba shi Mai Ƙofa. A wasan, Mai Ƙofa tsoho ne da aka umarta ya rufe ƙofar gari da aka hango ƙurar mahara, ya ƙi, ya tokare ta da kafaɗa har manomin ƙarshe ya shigo da gudu. An yi gunaguni a aji, wani ya ce yaya za a ba baƙo ƙofar gari. Na ce wanda duk ya iya karanta wurin ba tuntuɓe kamar shi ya zo ya karɓa. Biyu suka gwada, aka yi musu dariya, magana ta mutu. Muka cire ƙyauren sito daga marataya muka mai da shi ƙofar gari. Muka yi ta gwaji a gindin darbejiya, Lawal na manta jawabinsa, Sambo na raɗa masa daga bayan ƙyaure, abin da ya sa Mai Ƙofa ya haddace maganar Sarkin Mahara kafin mai ita.

Da hantsi muka yi wasan, don kowa ya koma gida da sauran rana. Gari ya zo, 'yan gudun hijira suka fito daga azuzuwa suka zauna a gaba. Baba Tanko ya zo da wasu samarinsa, mahaifin Sambo ya tsaya can nesa shi kaɗai. Da Lawal ya faɗo fili cikin rigar layu yana ihu, wasu mata suka miƙe da 'ya'yansu suka bar wurin, wata ta fashe da kuka. A lokacin na ji tsoron ko firinsifal ne mai gaskiya. Amma sai wani dattijo ya ce, "Kai, ai autan Tanko ne," aka yi dariya, matan suka dawo a hankali. Da aka zo wurin ƙofa kuwa, Sambo ya tokare ƙyauren, gemun audugarsa na rawa, masu gari na yi masa tsawa ya rufe, shi yana cewa akwai sauran mutum a waje. Babu wanda ya yi tari. Da yaron da ya fito a manomin ƙarshe ya faɗo ciki, matan gaba suka rangaɗa guɗa. Kafin a watse yara ƙanana sun bi Lawal suna kiran Sarkin Mahara yana kora su da takobin katako, Sambo kuma na ji wata tsohuwa na ce masa, "Mai Ƙofa, Allah shi yi maka albarka."

Mahaifinsa bai sake maganar tafiya da shi ba. Amma labari ba ya tafiya daidai, wanda ya fara fita shi ke yin nisa, kuma wannan na sani tun a Ƙanƙara.

Jarrabawar ƙarshe ba a yarda a yi ta a garinmu ba, aka ce mu kai yara Faskari. Ranar takardar Hausa ni na raka su, a wata bas ta haya, da sassafe. Mun wuce Sheme kaɗan muka iske an gitta itace a hanya. 'Yan sa-kai ne na wani gari, ban san ko ɗaya ba. Babbansu ya leƙo ta taga ya bi fuskoki, ya tsaya a kan Sambo ya ce ya sauko. Na sauko tare da shi, na ce ɗalibina ne, jarrabawa za mu. Mutumin bai ko dube ni ba. Suka zazzage aljihunsa a ƙasa, suka sa shi ya tsuguna a gefen hanya.

Wani daga cikinsu ya ce, "Makarantar nan ce aka ce akwai ɗan Hillanin da ake ce ma Sarkin Mahara."

Na fara bayanin littafi da hukumar jarrabawa, na ji kaina ina magana irin ta malamai, doguwa, marar amfani. Sai na ji ƙofar bas ta buɗe. Lawal ne ya sauko, hannu a aljihu.

Ya ce, "Ni ne Sarkin Mahara. Lawal, autan Baba Tanko maharbi. Ku tambayi kowa cikin motar ga."

Babban ya dube shi daga sama har ƙasa. Sunan Baba Tanko ba baƙo ba ne a wannan hanyar. Wani saurayi mai bindiga a bayansa ya matso, ya sunkuya ya leƙa fuskar Sambo. Ashe uwar saurayin na cikin matan da ke zaune a azuzuwanmu, kuma ranar wasan ya zo duba ta. Ya ce, "Gaskiya ne, wancan ne ya sa rigar layu. Wanga kuwa Mai Ƙofa ne. Shi ya ƙi ruhe ƙofa sai da kowa ya shigo." Ya faɗe ta kamar abin da ya faru da gaske a garinsu.

Babban ya juya wajen Sambo. Sannan ya ce, "Tashi, Mai Ƙofa. Ku tahi kar ku makara." Aka janye itacen.

Muka koma mota muka nufi Faskari. Sambo ya zauna kusa da taga, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Na yi zaton ba zai iya rubuta komai ba a ranar, har na fara shirya abin da zan faɗa wa mahaifinsa. A bakin ɗakin jarrabawa yara suka jeru ana bincike, shi ya tsaya a baya yana laluben aljihu. Ya zo wurina ya ce, a hankali, "Malam, birona ya hwaɗi can wurin shinge."

Na ciro nawa daga aljihun gaba na ba shi. Ya gwada shi a tafin hannu, ya ga yana rubutu, ya shiga layi. Har yau bai maido mini ba, ni ma ban tambaya ba.